GARGAƊI: mai sayar da RAM na jabu yana yawo a Maradi

Jaka 30. Jaka 30 cif na ƙirga na miƙa masa da hannuna, ya haɗa da RAM ɗina mai 4GB, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya tafi. Jama'ar Maradi, musamman masu shagon buga takardu irina, ku ji abin da aka yi mini.

Kwamfutar tebur gare ni, Dell OptiPlex 7010, da ita nake buga wa ɗaliban jami'a takardunsu na kammala karatu. Ta yi nauyi, in ka buɗe Word da Photoshop tare sai ta tsaya cak. A wani zauren WhatsApp na ƴan kasuwa na ga tallansa, wai RAM samfurin DDR3 mai 8GB guda biyu, wai daga Kano yake kawo kaya. Kada wani ya ce mini kwaɗayin araha ne, sai da na zaga babbar kasuwa na ji farashi, nasa bai yi ƙasa da nasu sosai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin da ya buɗe injin. Ya zare waya daga wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya ɗauki RAM ɗin, ya riƙe shi ta gefe, ya daidaita tsagar ya danna har maƙallan suka kama. Har yana koya mini cewa DDR4 ba ta shiga ramin DDR3 saboda tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Wa zai ga haka ya ce ɓarawo ne? Ko kai ne.

Muka kunna, allo ya nuna 4GB. Na ce, "Malam, ina 16 ɗin?" Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Yallaɓai, Windows ɗinka 32 bit ne, ba ya iya aiki da fiye da 4. Ka sa 64 bit za ka gani." Kuma gaskiya ne, 32 bit nake da shi, maganar kuma haka take. Da gaskiyar ya yanka ni. Wannan "za ka gani" ɗin har yanzu tana yi mini yawo a kunne.

Af, tun kafin nan ma ya ce in ba shi tsohon nawa ya rage mini jaka 5. Daga 35 muka dawo 30. Har godiya na yi masa, na ba shi ruwan sanyi.

Na kwashe takardun mutane, na sake Windows gaba ɗaya na sa 64 bit, ɗalibai na tsaye suna jira. 4GB dai. Wani ƙanena mai gyara ya sa CPU-Z, manhajar duba kayan cikin kwamfuta, ya buɗe shafin SPD mai nuna girman kowane RAM: 2GB, ɗayan ma 2GB. Ya sa farce ya ɓare takardar da ke liƙe, wadda aka rubuta wa 8GB, ta fita salin alin. Wato jaka 30 na biya aka raba mini 4 ɗina gida biyu.

Lambarsa a kashe, ya fita daga zauren, wanda ya saka shi ciki ya ce shi ma a tasha suka haɗu. Hotunan hirarmu da na takardar jabun suna wayata, zan ɗora su da dare in wuta ta dawo, kuma da su zan je komisariya.

In za ku sayi RAM, kada kuɗi ya bar aljihunku sai kun shiga BIOS, wato shafin saitin injin kafin Windows ta tashi, a Dell F2 ake dannawa, kun ga adadin da idonku. BIOS ba ruwansa da 32 ko 64. Kuma kada ku ba da tsohon naku ranar. Mutumin dogo ne, yana yawo a babur da baƙar jakar goyo, na ji an ce an gan shi wajen unguwar Zariya.