Tafiyar yini ɗaya daga Accra zuwa gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, yadda na ga sabis ɗin

Duk wanda harka ta kai shi Accra, ko kasuwanci ne ko ziyarar dangi a Nima ko Sabon Zango, dan Allah ya ware yini guda ya je ya ga waɗannan gine-ginen guda biyu na bakin teku, wato kasul ɗin Cape Coast da na Elmina, manyan gidajen da Turawa suka gina inda ake tsare bayi. Ni dai da wani kamfanin yawon buɗe ido na bi, irin masu ɗaukar mutane kaɗan a ƙaramar bas da gaid ɗinsu, kuma mutane sun dame ni da tambaya ko kuɗin ya yi daidai da abin da aka samu, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta komai, mai daɗin da marar daɗin.

Ta WhatsApp muka gama magana, na tura rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sauran kuma sai ranar tafiya. A wannan fannin ba ni da ƙorafi ko kaɗan, sun faɗi abin da ke cikin kuɗin dalla-dalla, mota da gaid da tikitin shiga da ruwan sha, abincin rana kuma kowa da aljihunsa. Ka tabbatar ka tambayi maganar tikitin nan tun farko domin kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan Ghana, wasu kamfanonin kuma ba sa haɗa shi sai an isa ƙofa ka ji ana cewa a fito da kuɗi. Ana idar da sallar asuba motar ta iso, Hiace ce mai tsabta, na'urar sanyaya iska tana aiki, kuma ba mu kai mutum goma ba, akwai wasu bayin Allah baƙar fata 'yan Amurka da wata mata 'yar Jamaika da ɗanta sai Turawa biyu.

Hanya kam sai haƙuri. Nisan bai wuce kilomita 150 ba amma go-sulo ɗin Kasoa kaɗai ya ishe ka, idan ba a yi sammako ba to rabin safiyar nan a nan za ta ƙare, don haka duk kamfanin da yace maka ƙarfe takwas za a tashi ka san ba za ka ga komai a natse ba. Direbanmu mai hankali ne baya gudun banza. Mun wuce mararrabar Winneba, muka tsaya a Mankessim aka sha koko da ƙosai, daga nan teku ta fara bayyana ta hannun hagu da bishiyoyin kwakwa. Gaid ɗin namu Bafante ne ɗan yankin, tun a mota ya fara shimfiɗa tarihin, ya nuna mana ganuwar Anomabo da muka wuce, yace irin waɗannan gine-ginen a jere suke a gaɓar tekun Ghana kuma UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya tun 1979.

Cape Coast muka fara. Daga waje fari ne fat, ga manyan bindigogi a jere sun fuskanci teku, ga kwale-kwalen masunta masu launi kala-kala a ƙasa, wallahi idan ba a gaya maka ba sai ka ɗauka gidan hutu ne. 'Yan Suwidin ne suka fara kafa shi da katako a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Ingilishi a 1664, su ne suka faɗaɗa shi, kuma garin ne ya zama hedikwatar mulkinsu a ƙasar har 1877 da aka koma Accra. Duk wannan lissafin shekarun yana fita daga kanka da zarar an gangara da kai kurkukun maza. Gangara ce mai santsi cikin duhu, iskar wajen nauyi gare ta, wasu 'yan ƙananan kafofi can sama su ne tagar, kuma aka ce mana a lokaci guda ana cusa mutum kusan 1000 a ɗakunan nan suna jiran jirgi, wani sati-sati wani wata-wata. Ƙasan da muke takawa mai bayani yace mu duba da kyau, asalin daɓen bulo ne, abin da ya rufe shi ya daskare ya yi baƙi ƙazantar jikin mutane ce da ta taru shekara da shekaru, a nan suke kwana a nan suke bayan gida a nan ake jefa musu abinci. Sai ya kashe fitila na ɗan lokaci yace kowa ya yi shiru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Matar nan 'yar Jamaika ta fashe da kuka, ɗanta ya riƙe ta, babu wanda ya iya cewa uffan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da muka fito aka nuna mana cewa daidai saman kurkukun nan ɗakin ibadar Turawan yake, suna sama suna waƙoƙin addu'a mutane suna ƙasan ƙafarsu suna mutuwa. Ka hau bene ka ga ɗakunan gwamna, tagogi manya-manya iskar teku na kaɗawa ta ko'ina. Akwai kuma wani ɗan ɗaki marar taga ko ɗaya da ake jefa wanda ya yi tawaye a bar shi ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Daga nan sai ƙofar da suke kira ƙofar da ba a dawowa, wadda ake fitar da mutane zuwa kwale-kwale, yanzu kana buɗe ta masunta ne ke gyaran koma yara na wasa a rairayi. Ta bayanta an rubuta ƙofar dawowa, domin a 1998 an shigo ta nan da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka kai su garin Assin Manso aka binne. Allon da Obama da matarsa suka buɗe lokacin ziyararsu a 2009 shi ma yana nan jikin bango.

To ga ƙorafina na farko, kuma duk mai niyyar biyan kuɗin ƙaramar tawaga ya kamata ya san shi. A cikin ginin ba gaid ɗin kamfaninku ne ke zagayawa da ku ba, ma'aikatan hukumar kula da gidajen tarihi ta Ghana ne, kuma aikinsu suna yi da kyau matuƙa, amma kamfanin namu bai shirya mana zagaye namu na kanmu ba sai kawai aka haɗe mu da duk wanda ya zo a lokacin, har da 'yan makaranta bas guda. Kenan ƙaramar tawagar da muka biya a mota kawai ta tsaya. Wanda ke baya baya jin bayani, mai tambaya sai ya yi ta ɗaga hannu. Da mun sani tun a WhatsApp za mu ce a nema mana namu mai bayanin ko da ƙarin kuɗi ne, kuma da muka yi magana gaid ɗin namu ya ji, a Elmina ya shiga ya fita aka ba mu namu mu kaɗai, bambancin kuwa ba kaɗan ba.

Elmina bai fi tafiyar minti ashirin zuwa talatin daga Cape Coast ba, kuma a gaskiya shi ya fi kama ni. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara, da farko zinariya ce ta kawo su kafin cinikin mutane ya rinjaya. A 1637 'yan Holan suka hau tsaunin da ke fuskantarsa suka yi ta ɓarin wuta daga sama har suka ƙwace, shi ya sa daga baya suka gina wata ganuwar a kan tsaunin wadda ake kira St. Jago don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, tana nan kana hango ta. A 1872 suka miƙa wa Ingilishi. A tsakar gidan mata aka tsayar da mu aka nuna mana barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, ga rijiyar da ake wanke ta, ga matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa, wadda ta ƙi kuma a ɗaure ƙafarta da dalmar igwa a bar ta cikin rana. Ni ina da 'ya'ya mata, ban iya daɗewa a wajen ba. Ƙofar fitar Elmina kuma 'yar siririya ce, sai mutum ɗaya a karkace. A sama akwai ɗakin da Ingilishi suka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan sun kama shi a 1896, kafin su wuce da shi Saliyo daga can kuma tsibirin Seychelles.

Da yake mu kaɗai ne a nan sai na samu damar yin tambayar da ke cina tun safe, nace malam duk bayanin nan daga bakin teku yake farawa, su mutanen daga ina ake kawo su? Ya kalle ni yace daga ina kake, nace Bahaushe ne, sai ya gyara tsayuwa. Yace da yawa daga arewa ake gangaro da su a ƙasa, ta ƙasar Asante, a tsaya da su a rafin Assin Manso su yi wankan ƙarshe kafin a ƙaraso da su gaɓa, ya kuma ambaci Salaga. To Salaga ai ba baƙon suna ba ne a wajenmu, gari ne a ƙasar Gonja, wato Gwanja, da fataken Hausa suka yi ta zuwa sarin goro da jakuna, duk wanda ya tashi a gidan 'yan goro ya ji labarin tafiyar Gwanja, kuma wannan kasuwar da ake sayen goron ita ce dai ake sayar da mutane a cikinta. Wannan bai yi min daɗin ji ba amma gaskiya ce, Bature ne ya gina kasul ya kawo jirgi ya buɗe kasuwar da ba ta ƙoshi, amma sarakuna da dillalai na cikin ƙasa sun sa hannu, kuma mu ma a namu garuruwan an yi bauta. Na ji daɗin yadda mutumin ya yi maganar ba zagi ba ɓoye-ɓoye. Ya ƙara da cewa daga baya ma Ingilishi sun kawo sojojin Hausa daga Legas ƙarƙashin wani hafsansu mai suna Glover lokacin yaƙinsu da Asante a 1873 zuwa 1874, wato sawunmu yana cikin tarihin gaɓar nan ta fuska fiye da ɗaya. Wannan hirar ta minti goma ita ce ta biya min kuɗin tafiyar gaba ɗaya, kuma a cikin taron mutum hamsin ba za a taɓa yin ta ba.

Ƙorafi na biyu lokaci ne. Kamfanin ya cusa gandun dajin Kakum a cikin shirin, wajen nan da ake tafiya a kan gadar igiya can saman bishiyoyi, waje ne mai kyau ba musu amma haɗa shi da kasul biyu a yini ɗaya ya yi yawa. Saboda shi aka yi ta hanzarta mu, gidan adana kayan tarihi da ke saman benen Cape Coast leƙawa kawai muka yi, tsaunin St. Jago ba mu hau ba, Assin Manso kuwa ko zancen zuwa can ba a yi. Ban da haka ma zuciya ba ta son irin wannan juyin, yanzu ka fito daga kurkuku jikinka a sanyaye anjima ana ce maka ka yi murmushi a ɗauke ka hoto a kan gada. Idan ana ba da zaɓi ka ce a cire Kakum a sa Assin Manso, ko ka kwana a Cape Coast ka yi dajin washegari.

Maganar sallah ba ta cikin tsarinsu sam, sai da na yi magana, amma ina faɗa direba ya tsaya min a masallaci wajen kasuwar Kotokuraba ba tare da ɓata rai ba, sauran ma suka jira, don haka ka faɗa musu tun kafin ranar. Abinci a wani gidan cin abinci na bakin ruwa aka kai mu, na ci dokunun Fante, wani irin tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da shito, wato soyayyen yajinsu, kifin sabo ne ya yi daɗi sosai sai dai an daɗe kafin a kawo kuma farashin na baƙi ne. Wanda ke kokwanton nama ya tsaya a kan kifi shikenan. A ƙofar gine-ginen biyu akwai samari da za su tare ka da fara'a su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a jikin ƙwanson teku suna jiran kuɗi, neman abinci suke ba mugunta ba, gaid ɗinmu ya gargaɗe mu tun a mota, idan ba ka so ka ce a'a cikin mutunci ka wuce.

Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe hankici da ruwa domin zufa ake yi sosai a ƙarƙashin nan, ka kuma ajiye 'yan canji na ihsani ga mai bayani don ya cancanta. Bayanin da Turanci ake yi, idan za ka je da Hajiya ko wani dattijo da baya ji to ka shirya zama tafinta, kuma mai ciwon gwiwa ko asma ya bi a hankali saboda matakala da ƙarancin iska. Yara 'yan sakandare kam a je da su, ƙanana sosai a bar su gida. Dawowa go-sulo ɗin Kasoa ya sake riƙe mu sai bayan isha muka shigo Accra, saboda haka kar ka yarda ka sa tafiyar nan a ranar da jirginka zai tashi da dare.