GARGAƊI: mai tallan "zanen Banksy" a WhatsApp ɗan damfara ne

Salam jama'a, dan Allah duk wanda ke Agege, Idi-Araba ko Obalende ya karanta ya tura wa 'yan uwa, musamman 'yan canji da masu ɗan jari a hannu. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu yana tallan wai zanen Banksy, ɗan Ingilan nan mai zane a bangon titi. Ƙanina ya faɗa hannunsa, naira dubu 850 ya tura masa, kuɗin aurensa ne wallahi da ya daɗe yana tarawa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ta ƙofar tausayi yake shigo mana. Zai turo maka hoton kurciyar nan mai rigar sulke da aka zana a Baitalami, ko saurayin da ya ɗaga hannu kamar zai yi jifa amma furanni ne a hannunsa, ya ce ai mai zanen ba ya son yaƙi, to wannan kam gaskiya ne, ko a 2022 sai da ya je Yukiren ya yi zane a jikin gidajen da bam ya rusa. Daga nan sai ya ɗora ƙaryarsa, wai yana da na asali a wani sito a Lekki, ka zuba jari a raba riba, kuma rabin kuɗin na marayun Gaza ne. Wa zai ji an ambaci marayu zuciyarsa ba ta karye ba?

Har labarin gwanjo yake kawowa, shi ma ya faru da gaske. Zanen yarinya mai balan-balan an sayar da shi fam miliyan 1 da 'yan kai a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan a 2018, ana buga guduma wani inji da aka ɓoye cikin firam ɗin ya yayyanka rabinsa, a 2021 aka sake sayar da shi sama da fam miliyan 18. To fisabilillahi kayan da attajirai ke kokawa a kansa da fam ne zai zo Legas yana roƙon 'yan canjinmu?

Ofishi ɗaya ne tak yake ba da takardar shaidar aikin Banksy, sunansa Pest Control. Da na matsa wa ƙanina ya nemi takardar sai mutumin ya turo wata da kana gani ka san a shagon kwamfuta aka buga, muka ce to mu haɗu a siton mu gani da ido, tun ranar layinsa a kashe. Akawun ɗin da aka tura kuɗin ma sunan wata mata ne.

Mun kai maganar banki da wajen 'yan sanda. Jiya wani ya ce ya sake ganin tallan da sabuwar lamba, dan Allah kada kowa ya tura ko sisi, wanda kuma ya riga ya tura ya adana rasit da hirarsu ya yi min magana mu haɗa ƙara.