Sitiyarin G29 a gidan gem na ƙauye: abin da na gani

Ina da ɗan gidan gem a garinmu, cikin ƙaramar hukumar Ringim. Na'urar gem ta PlayStation 4 (PS4) biyu ne da talabijin biyu, kuma tun da na buɗe bal kawai yara ke bugawa. Bayan girbin bara na ƙaro sitiyarin tseren mota, Logitech G29 na hannu, da na sayo a Kano. Ya ga hunturu, ya ga bazara, ya sha hannun yara da manya, don haka ina ganin na isa in ce wani abu a kansa. Sitiyarin ya yi. Fedar ma ta yi, sai dai tana son kulawa. Amma abin da ya sa ake morarsu shi ne ƙarfen da mai walda ya haɗa mini, kuma shi ne ya fi komai araha a cikin kayan.

Bari in fara kawar da masu arahar nan da ake jerawa a shaguna cikin kwali mai ƙyalli. Wani abokina ya sayi irinsu, na je na taɓa. Juyinsu digiri 180 ne ko 270, roba ko sifirin ne ke mayar da su tsakiya, in ka bugi bango su ɗan yi rawa, shi ke nan. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya ci gaba da hannun gem ɗinsa har ya tara.

G29 yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, kusan yadda na ƙaramar mota yake. A cikinsa akwai ƙananan injinan lantarki biyu da ke jan sitiyarin ko su ture shi gwargwadon abin da tayoyin motar cikin gem ke yi. Wannan shi ake kira fos fidbak, kuma shi ne abin da kake biya wa kuɗi. In ka shiga kwana da gudu sai ka ji ya yi nauyi. In tayoyin gaba suka fara sulɓewa sai ka ji nauyin ya tafi tun kafin idonka ya gani a allo. In ka hau tsakuwa, hannunka zai gaya maka. A 2015 aka fitar da shi, kuma yana aiki da PS3, PS4, PS5 da kwamfuta. Akwai ɗan makunni a samansa na zaɓen PS3 ko PS4, a PS5 ma a kan PS4 ɗin ake barinsa. Mai Xbox kada ya saya, nasa G920 ne. Kamanninsu kusan ɗaya, kuma a kasuwar kayan hannu ba kowane mai shago ne zai tsaya yi maka bayani ba.

Kawuna ya daɗe yana jan Sharon a hanyar Kano zuwa Haɗeja. Da ya leƙo ya gan shi sai ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai sitiyarin yara ne." Gaskiyarsa, faɗinsa bai kai santimita 30 ba. Na ce, "Kawu, zauna dai ka taɓa." Kwanar farko ya shige ciyawa, ta biyu ma haka, a ta uku na ji ya ce, "Af, ashe tana jan hannu." Da ya tashi ya faɗi abin da na ɗauka shi ne sharhi mafi kyau da aka yi wa kayan nan: direba da mazauninsa yake jin mota, nan kuwa kujera ba ta motsi, dole ka koyi ji da tafin hannu. Ya kuma yi ta lalubar giya a damarsa bai samu ba, domin giyar hannu mai shida daban ake sayar da ita. Abin da ke zuwa da shi ƙarafa biyu ne a bayan sitiyari, na dama ya ƙara giya, na hagu ya rage.

Yana da ƙara. Duk sitiyarin da haƙoran giya ke juya shi haka yake, in mota ta hau gefen titi sai ka ji yana kaf-kaf-kaf kamar tsohon keken ɗinki, kuma akwai ɗan sako-sako a tsakiyarsa in kana tafiya miƙe. A gidan gem da janareta ke ruri ba wanda ya damu, amma mai niyyar bugawa a ɗaki da dare iyali na barci ya sani. Wani sitiyarin, Thrustmaster T300, bel ne ke jansa, ya fi laushi da shiru da ƙarfi, juyinsa digiri 1080. Sama da su akwai waɗanda sitiyarin ke zaune kai tsaye a kan injin, ba giya ba bel, irin su Fanatec CSL DD da Moza R5, masu ƙarfin wajen Nm 5 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), alhali G29 bai wuce 2 da 'yan kai ba. Na san sun fi shi. Sai dai Moza R5 ba ya aiki da PlayStation, kuma in wani abu ya lalace a irin waɗannan, kayan gyaransa sai an yo oda daga waje. G29 kuwa ya yi yawa a duniya, wanda ya mutu ma ana cire kayansa a gyara wani. Sannan ni yara 'yan shekara goma ke zama a kai, ƙarfin nan na 2 ɗin ma sai na rage shi a cikin gem.

Feda uku ce: totur, birki da kuloci. Totur da kuloci ba su da magana. Birkin yana da tauri, domin an sa wata roba a ƙarshen sifirin ɗinsa don ya yi kama da na mota, kana takawa yana ƙara ƙin tafiya. Ni na so hakan, amma ƙananan yara ba sa iya kai shi ƙasa, sai an rage a saitin gem in yana da wurin. Masu tsada, irin Thrustmaster T-LCM, ƙarfin takunka suke aunawa ba nisan da fedar ta tafi ba, kuma sun fi daidaito. Sai dai a PlayStation feda ta cikin sitiyari take bi, ba za ka haɗa ta wannan kamfani da sitiyarin wancan kai tsaye ba. A kwamfuta ne ake wannan gaurayen.

Abokiyar gabar feda a wajenmu ƙura ce. Abin da ke auna takun yana da ɗan hannu da ke goga a kan wani layi, irin na murɗa sautin rediyo. Da hunturu ya kankama sai na ga totur yana rawa shi kaɗai a allo, ƙafa na ƙasa amma gem na nuna bai cika ba. Mai gyaran rediyo na kasuwarmu ya buɗe ya fesa maganin wanke irin waɗannan, ya dawo daidai. Tun daga nan ba mai hawa da takalmi, kuma da an tashi ana lulluɓe komai da zane.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Ranar farko a kan teburin katako muka ɗaure shi, da kujerar roba. Ka taka birki, feda ta gudu gaba a kan siminti, kujera ta gudu baya. Ka murɗa da ƙarfi, tebur ya bi ka. Duk abin da injinan nan ke son gaya wa hannunka, tebur ne ke shanye shi. Ana sayar da matsayai na kamfani, irin Playseat Challenge mai naɗewa ko na Next Level Racing, amma ƙarfe ne mai nauyi, kuɗin kawo shi kaɗai ya isa ya hana ka.

Sai na je Kofar Ruwa na sayo fayif mai kusurwa huɗu, inci ɗaya da rabi, da kujerar gaba ta tsohuwar Golf, da layin da take zamewa a kai. Kada a bari mai sayarwa ya cire layin nan, shi ne rabin amfanin kujerar: yaro ya matso, dogo ya ja baya, ba a kwance komai ba. Mai waldar garinmu da ya ga zanena ya ce, "Maigida, amalanke za ka yi ko gado?" Amma ya fahimci abin da wuri. Dole kujera da feda da sitiyari su zauna a kan ƙarfe ɗaya, ta yadda in ka taka birki bayanka ne zai tare, ba abin da zai gusa. Ya so ya kafa ginshiƙi ɗaya a tsakiya, na ce a'a, a yi biyu a gefe, domin na tsakiya yana tokare gwiwa in za ka kai ƙafa birki. Wajen feda muka ɗan karkata shi sama, muka bar ramuka a jere don a iya matsar da shi.

Sitiyarin da fedar duk suna da ramukan noti mai lamba M6 a ƙasansu, a yi amfani da su, kada a dogara da maɗauran roba da ke zuwa da shi in hannaye da yawa za su taɓa. A kula da tsawon notin, in ya zarce zai taɓo kayan ciki. Kuma kada a kai sitiyarin wajen walda. Na ɗora shi a kan kwali na zana ramukan, kwalin na kai. A ƙasan ƙafafun muka sa yankan tsohuwar taya, wayoyi kuma muka ɗaure su jikin ƙarfe sama da ƙasa saboda ɓeraye da ƙafar yara.

Wuta ba ya ci sosai, adaftarsa mai bolt 24 ce, PS4 da talabijin sun fi shi ja nesa ba kusa ba. Ni dai ba na haɗa shi da janareta kai tsaye, ta inbatar sola yake bi. Mai sayen na hannu ya duba jikin adaftar ya ga an rubuta bolt 100 zuwa 240, tunda wasu kayan daga Amurka suke zuwa, inda ƙarfin wutarsu ba irin namu ba ne. Ya kuma sa a kunna a gabansa: lafiyayye zai juya da kansa ya kai ƙarshen kowane gefe, ya dawo ya tsaya a tsakiya cak. A lokacin nan a janye hannun yara.

Gem ɗin ma sai an zaɓa. Gran Turismo 7 na 2022 yana da kyau, amma yawancin abin da ke cikinsa sai da intanet, mu kuwa sabis sai ka fita bakin titi. Gran Turismo Sport, wanda aka rufe sashensa na intanet a Janairun 2024, yana tafiya ba data, haka ma Assetto Corsa, kuma shi ya fi sa sitiyarin magana. Su muke bugawa.

Ta fuskar ciniki, bal ta fi kawo kuɗi har gobe, tunda mutum biyu ke zama lokaci guda. Sitiyari mutum ɗaya ne, goma na tsaye suna ba shi shawara. Amma ya jawo mini waɗanda ba su taɓa shigowa ba, 'yan acaɓa da yaran mota da direbobi ranar kasuwa. Su kuma ba tsere suke tambaya ba, gem ɗin tirela suke so, Euro Truck Simulator 2, wanda suke gani a waya. Babu shi a PS4. Don haka in kuɗi suka samu, kwamfuta zan fara nema, sannan giyar hannu saboda Kawu.