Wagadugu da Mumbai: can tagulla, nan fenti

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya: tunda Wagadugu da Mumbai duk an san su da fim, ta yaya masu zane da masu ƙira suka nuna hakan a jikin garuruwan, kuma wanne ne Kano za ta iya koyi da shi? Hajiya, bari mu ajiye su kusa da juna.

Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ba ta fitar da finafinai masu yawa. Abin da ya ɗaga sunanta shi ne bikin finafinan Afirka mai suna FESPACO, wanda aka fara a 1969, ake kuma yin sa duk bayan shekara biyu. Gwamnati ce ke riƙe da bikin, shi ya sa fasahar da ya haifar ma ta hukuma ce. A 1987, zamanin Thomas Sankara, aka kafa wata hasumiya a shataletalen da ke gaban ofishin magajin gari, mai siffar fayafayan fim da gilasan kyamara an ɗora su bisa juna. Duk lokacin biki, nan masu shirya fim na Afirka ke taruwa su tuna da 'yan'uwansu da suka rasu. Daga baya aka jera mutum-mutumin tagulla a bakin titin da ke kusa, akwai na Sembène Ousmane ɗan Senegal, da Souleymane Cissé ɗan Mali, da 'yan gida Idrissa Ouédraogo da Gaston Kaboré. Duba sunayen nan da kyau, duka daraktoci ne. Garin yana girmama wanda ya tsaya bayan kyamara, kuma bai tsaya kan 'yan ƙasarsa kaɗai ba. Ko babbar kyautar bikin, Dokin Yennenga, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarta a 1972, wato marigayi Oumarou Ganda.

Mumbai kuwa fuskar jarumi take bi. Tun da Dadasaheb Phalke ya fitar da fim ɗinsa na farko a 1913, sana'ar ta yi ta haifar da wasu sana'o'i, ciki har da ta masu zana manyan allunan talla da hannu. M.F. Husain, wanda ya zamo ɗaya daga cikin fitattun masu zanen Indiya, da wannan aikin ya fara neman abinci a garin. Da injinan buga fasta suka shigo, sai kasuwar masu burushi ta mutu. A 2012 wani mai zane, Ranjit Dahiya, ya ɗauko tsohon salon ya mayar da shi kan bangon gidaje a unguwar Bandra, inda taurari da dama ke zaune. Ya zana Amitabh Bachchan, ya zana Madhubala, a 2014 kuma shi da abokan aikinsa suka zana Phalke a jikin wani dogon bene na kamfanin tarho. Wannan aikin ya fi taɓa min zuciya, don mai shayi da direban tasi ne ke kallonsa kullum, kuma sun san waɗanda aka zana ba sai an gaya musu ba. Illarsa ita ce fenti ba ya jure ruwan daminar Mumbai, sannan mai gida na iya shafe bangonsa ranar da ya ga dama. Tagullar Wagadugu za ta daɗe, amma finafinan mutanen da aka ƙera ɗin ba kowane ɗan garin ne ya taɓa ganinsu ba, musamman da gidajen sinima na unguwanni suka yi ta rufewa.

To, Kano fa? Wajen yawan fim da son taurari, Mumbai muke kama da ita. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya ake wannan sana'a, kuma yau fuskokin jarumai suna jikin a-daidaita-sahu da shagunan aski da wuraren tura finafinai a waya. Amma ki zaga titin Gidan Zoo, inda ofisoshin masu fim suka taru, da wuya ki ga abin da zai shaida wa baƙo cewa nan ce cibiyar sana'ar da ake kallo daga Agadas har Kumasi. Abin yana damuna ƙwarai.

Mutum-mutumi ba zai karɓu a Kano ba, dalilin addini a bayyane yake, kuma katafaren zanen fuskar jaruma a bango ma zai ta da ƙura. Ba mu manta yadda aka soke shirin gina ƙauyen fim a garin Ƙofa na jihar Kano a 2016 ba bayan malamai sun nuna ƙin amincewa. Don haka ni hasumiyar Wagadugu nake ganin ta dace da mu, tunda babu siffar ɗan'adam a jikinta. Sai dai kada a jira gwamnati. Muna da masu zanen jikin manyan motoci, da masu rubutun allunan shaguna, da magina masu zanen dagi. Ƙungiyoyin masu fim su nemi bango guda a titin Gidan Zoo, su biya waɗannan masu sana'a su rubuta sunayen magabatan da suka rasu, irin su Rabilu Musa Ibro da Ƙasimu Yero, tare da shekarun da suka yi aiki.