Megafiksal 108 amma fuskar amarya ba ta fito ba

Duk mai shirin sayen waya saboda kyamara, don Allah ya gwada ta cikin duhu kafin ya biya. Tawa a Computer Village, kasuwar waya da ke Ikeja a Legas, na saya, mai shago yana ta nuna min lambar da ke jikin kwali, wai megafiksal 108, wato ɗigon hoto miliyan 108, ko tauraro nake so zan ɗauka. Ba zan kama sunan kamfanin ba, masu irinta sun sani.

Da rana ba ta da laifi. Leshi da atamfar da nake tallatawa a WhatsApp suna fita da kalarsu.

Daren kamun ƙanwata a Agege ne ta tona min asiri. Ana cikin liƙi aka ɗauke wuta, janareto kuma ƙwai biyu kawai ya iya riƙewa a tsakar gida. Na ɗauki amarya ta kowane gefe. Da na duba, hannun da aka sha wahalar yi wa lalle ya zama baƙin tabo, duwatsun leshinta sun narke, fuska kuwa an goge ta sumul kamar an shafe ta da man kaɗanya. Na kunna filasha, ta mayar da yarinya toka-toka, idanu jajir. Gwaggonmu ta karɓa ta duba, ta miƙo min ba ta ce komai ba.

Ɗan yayata Abba yana gefe da tsohuwar waya Pixel 4a ta hannu, fitowar 2020, ido ɗaya tal a baya, megafiksal 12. Ya saka Night Sight, tsarinta na ɗaukar hoton dare, ya ce, "Anti, ku ɗan tsaya cak." Zanen lalle ya fito ɗaya bayan ɗaya, fatar amarya baƙa mai sheƙi yadda Allah ya yi ta. Wuri ɗaya, haske ɗaya.

Shi da yake gyaran waya a Ikeja ya ce yawan lamba ba shi ne haske ba. Irin tawa tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, ƙarshe 12 ɗin take bayarwa ita ma. Tasa tana da abin da ke tare rawar hannu a cikin kyamarar, sannan hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su. Tawa babu wannan matarin, shi ya sa ko numfashi na yi hoto ya watse.

Da safe na huce, na ce ai batirinta yana kai ni dare, a Legas kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har na yanke zan riƙe ta. Sai dangin Kano suka fara cewa a turo bidiyon buɗar kai. Na buɗe: kiɗa ras, mutane kuwa inuwa ce kawai ke yawo. Na Abba aka tura. Na mayar da wayata wajen musanya, kuɗin da suka ce in cika ya sa na dawo gida da abata.