cc65 ko z88dk: amsa ga ƙanenmu mai wasan dara

Ƙanenmu na Kaura Namoda ya tambaya a zaure daren jiya. Yana rubuta wasan dara da yaren C don tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64, yana amfani da kwamfaila ta cc65, wato tafintar da ke mayar da C zuwa yaren inji, yana gwadawa a kan VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore, tunda dai ba mai injin gaske a cikinmu. Abu uku suka dame shi: haruffan da ya aika allo suna fitowa a juye, shirin yana sandarewa idan ya zo share gidajen dara, sannan idan kwamfuta ta zurfafa tunani sai ta riƙa cin 'ya'yan da ba ta da haƙƙin ci. Tambayarsa: cc65 ce ta lalace, ya koma z88dk da ZX Spectrum ya huta?

Ƙanena, na taɓa duka biyun, kuma kowace ta sha hana ni barci. Ka fara sanin cewa wannan ba sauya tafinta kaɗai ba ne, ƙaura ce daga gari zuwa gari. cc65 tana yi wa injina masu ƙwaƙwalwar 6502 da zuriyarta aiki: Commodore 64, Apple II, Atari, har da NES, wanda irin kwaikwayonsa masu kaset muka taso muna gani a kasuwa. z88dk kuwa ta masu ƙwaƙwalwar Z80 ce: Spectrum, MSX, Amstrad. Commodore 64 da Spectrum duk a 1982 suka fito, amma in ban da shekarar haihuwa kusan ba abin da ya haɗa su.

Na duba abin da ka turo. Cikin ukun nan ba wanda zan ɗora wa cc65.

Ɗauki sandarewar. Dara gida 30 ce, biyar sau shida, kai kuma ka rubuta char i, wato ma'ƙirgi mai bait ɗaya, ka fara daga 29 kana saukowa, da sharaɗin i >= 0. A cc65 char ba ta san ƙasa da sifili ba, sai in ka ce mata signed da bakinka. Daga 0 in ta sauko, 255 take faɗawa, sharaɗinka kuma yana nan gaskiya har abada. Kafin ka ankara ta zuba sifili a wurare fiye da ɗari biyu da ke bayan allon dararka, duk abin da ka ajiye a can ya tafi. A laptop ɗinka wannan layin yana aiki lafiya, shi ya sa ka rantse ba laifinka ba ne. Da ka koma wancan gari ma ba lallai ka tsira ba, don SDCC, tushen ɗaya daga kwamfailolin z88dk, ita ma ta mayar da char mara alama tun fitowarta ta 3.6.0. Ni yanzu ba na rubuta char tsirara a ko'ina. Ko signed ko unsigned, kowa ya san matsayinsa.

Haruffan kuma labari ne mai daɗi. Commodore tana da lissafin haruffa biyu: PETSCII, wanda ake bugawa da shi, da kuma lambobin da ake zubawa kai tsaye a ma'ajiyar allo da ta fara daga adireshi 1024. cc65 tana fassara 'A' ɗinka zuwa PETSCII, ya zama 193. Kai kuma ka ɗauki 193 ka jefa a 1024, inda lambar A babba take 65 a jerin haruffan da shirin cc65 yake kunnawa da farko. 193 kuwa 65 ne da ƙarin 128, kuma ƙarin 128 a allon Commodore yana nufin a juya launin harafi. To ga A ɗinka a juye, daidai yadda ka umarta ba tare da ka sani ba. Yi amfani da gotoxy da cputc, su sun san hanya. A Spectrum ba za ka haɗu da wannan ba, don ita ba ta da allon haruffa kwata-kwata. Ɗigo-ɗigo ne, 256 a kwance 192 a tsaye, daga adireshi 16384, kuma layin da ke ƙarƙashin wanda kake kai ba ya biye da shi a ma'ajiya, yawanci sai ka tsallaka bait 256. Ranar da na fara zana layi a tsaye a can, abin da ya fito kamar tsagar fuska aka yi wa allon.

Na ukun shi ne mai ma'ana, kuma a nan bambancin injinan biyu yake fitowa fili. 6502 talaka ce: rajista, wato 'yan aljihunan lissafi na cikinta, uku ne ƙanana, A da X da Y, kowace bait ɗaya, sai tarin ajiya na bait 256 kacal daga adireshi 256 zuwa 511. Yaren C ba ya iya zama a wannan ɗan ɗaki, don haka cc65 ta gina nata tarin da hannu a wani wuri, kuma duk taɓa shi yana cin lokaci. Shi ya sa kowa yake ba da shawarar a sa wa cc65 zaɓin -Cl, wanda yake ɗauke bariyabul na cikin fankshin daga tarin ya ba su mazauni na dindindin. Na gani a umarninka ka sa shi. Gudu yana ƙaruwa, gaskiya ne. Amma fankshin ɗinka mai nemo motsi yana kiran kansa: in na taka nan, abokin wasa zai taka can, ni kuma in taka can. Da -Cl, duk waɗannan kiran kwano ɗaya suke ci. Na ciki ya goge abin da na waje ya ajiye, ya dawo ya tarar da gidan da yake dubawa ya sauya, sai ya ga 'ya'ya uku a jere inda babu, ya ci. Kwamfutarka ba maguɗi ta koya ba. Ka bar -Cl ga sauran shirin, ka kashe shi a kan wannan fankshin ɗin kaɗai da pragma ta static-locals.

Z80 ta fi wadata a nan. Tana da rajista masu ɗaukar bait biyu, tarinta yana iya zama ko'ina a ma'ajiya, tana da IX da IY na leƙa cikinsa. Fankshin mai kiran kansa ya fi sakewa a can, wannan na yarda. Sai dai wadatar tana zuwa da nata rikicin, kuma irin rikicin da ba ya sallama.

z88dk kwamfaila biyu ce a gida ɗaya: sccz80, jikar Small-C, da zsdcc, wato SDCC da aka yi wa gyara. Kishiyoyi ne, kowace da yadda take miƙa kaya. sccz80 tana jera abin da ka ba fankshin daga hagu zuwa dama, SDCC daga dama zuwa hagu. Waccan tana ba char wurin bait biyu, wannan bait ɗaya. Muddin C zalla kake rubutawa ba ruwanka. Ranar da ka ɗauko ɗan guntun asembili, wato yaren inji, da wani ya rubuta don ɗaya ka haɗa da ɗayar, x zai zama y, ba kuma wanda zai yi maka gargaɗi. Masu amfani da SDCC kai tsaye sun sha wannan a 2022, lokacin da 4.2.0 ta koma miƙa kaya ta cikin rajista: tsohon asembili yana lalube a tari, kayan kuma suna hannu.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne IY. Na rubuta ɗan asembili mai kwafe hoto zuwa allo, na ari IY na riƙe adireshi. Shirin yakan yi minti goma lafiya, wani lokaci rabin awa, sai wani hoto ya ɓaci, ko injin ya koma farko kamar an zare masa waya. Kwana huɗu ina zagin kwamfaila, a shago a Gusau, tsakanin wannan mai gyaran waya da wancan. Ashe ROM ɗin Spectrum, shirin da aka gina a cikinta, yana katse duk abin da ake yi sau 50 a daƙiƙa don ya duba maɓallai, kuma ya ɗauka cewa IY tana nuna adireshi 23610 kullum. In ka danna maɓalli a daidai ƙiftawar da IY take hannuna, sai ya je ya yi alamarsa a cikin kayana. Ba kullum ba, sai an yi dace. A Fuse, mai kwaikwayon Spectrum, na kama shi, da na sa ta tsaya duk lokacin da aka taɓa adireshin da yake ɓacin. Irin naka ukun kuwa, duk sanda ka kunna za su fito a wuri ɗaya, kuma wallahi wannan rahama ce.

Akwai inda suka yi kunnen doki. A duka biyun int bait biyu ce, iyakarta 32767, don haka 200 sau 200 ba zai ba ka 40000 ba, lamba mai ragi za ka gani. In kana tara maki a dararka ka kula. Lamba mai ɗigo kuwa cc65 ba ta yi sam, za ta ƙi ka tun a bakin ƙofa. z88dk tana yi, amma da tsada, kuma SDCC in ka ce double sai ta yi maka gargaɗi ta ba ka float.

Ban ce kwamfaila ba ta kuskure ba. cc65 ta faro daga aikin John Dunning na Atari a 1989, Ullrich von Bassewitz ya riƙe ta daga 1998 zuwa 2013, yanzu 'yan sa-kai ne suke kula da ita a GitHub, kuma akwai dogon jerin kura-kuran da aka kai ƙara aka gyara. Yawancin na gaske a wajen tace kod suke ɓuya, inda take ƙoƙarin rage umarni don gudu. Gwajin kuwa iri ɗaya ne a gidajen biyu. Cire -O, zaɓin da ke kunna tacewar, ka sake haɗawa. In matsalar ta ɓace, ka sami wanda ake zargi, amma ba a yanke hukunci ba tukuna, don kuskurenka ma yana iya ɓuya in kaya suka sauya wuri a ma'ajiya. Sai ka yi ta yanke shirin har ya rage layi ashirin da suke nuna abin. Sa -T don cc65 ta jera layukan C ɗinka a gefen asembilin da ta fitar, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan cc65 ta fi sauƙin kamawa: fassararta kai tsaye ce, kusan kalma da kalma, mai hankali zai bi. Abin da SDCC take fitarwa ya fi gudu amma ya fi murɗewa, kuma in ka ɗaga mata --max-allocs-per-node sosai, ka tabbata batirinka a cike yake kafin ka danna. Ka kuma duba wace cc65 ce a injinka, don 2.19 ta 2020 ce, an yi gyare-gyare da yawa bayanta.

Ni dai a matsayinka ba zan motsa ba. Gyaran nan uku ba su kai aikin awa ɗaya ba, allon Commodore mai haruffa 40 a layi 25 kuma kamar don dara aka yi shi. Gyara char ɗin da farko, don ɓarnar da take yi a ma'ajiya tana iya rufe sauran. In bayan ka kashe static-locals har yanzu tana cin 'ya'yan banza, haɗa da -Ln ka loda sunayen a VICE, ka turo mini fayil ɗin .s, wato asembilin, na wannan fankshin ɗin in duba bayan isha'i.