Kulocin da na saka wa Bosuwajata bayan an ƙara wa injin ƙarfi

Bosuwajar nan ƙirar 1974 ce, gadon mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Bara na sa aka sauke injinta aka cire fistan masu faɗin milimita 85.5 aka sa na 90.5, girman injin ya tashi daga cc 1600 ya koma cc 1776, aka kuma ɗora masa kafireto biyu. Kuloci kuwa na bar shi yadda yake, don a ganina lafiyarsa ƙalau.

A hawan Jos ya nuna mini iyakarsa. Ina giya ta huɗu, na taka totur, injin na ƙugi amma mota ba ta ƙara gudu, sai ƙauri ya cika ciki. Kuloci ne ke zamewa. Filet ɗin asali, wato farantin da ke matse faifan kuloci a jikin fulawil (ƙarfen inji mai juyawa da faifan ke kamawa), an yi shi ne don injin 1600, kuma nawa ya kasa riƙe faifan da ƙarfi ya ƙaru.

Kuskuren da na yi na gaba shi ne sayen faifan 'yan tsere, mai fukafukai huɗu, wanda ba shi da sifirin a tsakiya. Ya kama kam, babu zamewa. Amma a cunkoson Ƙofar Nasarawa sai mota ta riƙa zabura tana karkarwa duk lokacin da zan tashi, kuma tsakanin kamawa da saki babu tazara ko kaɗan. Wata biyu na jure. Da bakanikena ya sauke injin, ya nuna mini yadda faifan ya fara cin fuskar fulawil, ya ce, "Alhaji, wannan na filin tsere ne, kai kuma kasuwa da masallaci kake zuwa."

Abin da nake kai yanzu: filet ɗin kamfanin Kennedy na matakin farko (kowane mataki ya fi na ƙasansa ƙarfin matsi), mai matsi fam 1,700, faɗin milimita 200, haɗe da faifai na yau da kullum mai sifirin. Wata bakwai ke nan. Na koma Jos sau biyu da mutum huɗu a ciki, bai zame ba ko sau ɗaya, kuma tashi yana zuwa a hankali kamar da. Ƙafa ta ɗan fi jin nauyi, wannan gaskiya ne, kuma nauyin a kan wayar kuloci yake sauka, shi ya sa na sa sabuwa na ajiye wata a but. Da na hau mataki na biyu ko na uku, da na wahalar da wayar da ƙugiyar feda a banza, tunda injina bai kai can ba.

Wani abu da ya kusa sa mu sake sauke inji: Volkswagen ta canza boris ɗin kuloci, wato abin da ke danna filet idan an taka feda, a 1971. Giyabos na kafin shekarar yana buƙatar zoben da ke tsakiyar filet, na shekarar da na bayanta kuwa dole a cire zoben. Motocin nan sun sha canje-canje a hannun makanikai, don haka a leƙa giyabos ɗin da ido, kada a dogara da shekarar da ke takarda. Nawa na bayan 1971 ne, muka cire zoben, muka kankare fulawil, muka canza sil ɗin mai na bayansa, sannan muka bar wa feda wasan milimita 10 zuwa 20.